Ranar da na shimfiɗa Rabi a bakin ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da zuwana birnin Lyon na farko ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidana ba za su bari ba. Ɗiyata ta fari, Rabi, ta samu jami'a a can, suka kama gida ita da wata yarinya Baturiya mai suna Léa. Mu muna Paris, mijina Alhaji yana sayar da atamfa a unguwar Château Rouge.

Da sanyi ya shigo sai na ji muryar Rabi ta canza a waya. Kullum gajiya, kullum jiri. Na sa ta kunna hoto, na ga leɓɓanta sun yi fari, idanu sun faɗa. Na daka yaji, na ɗaure kilishi, na hau jirgin ƙasa.

Léa ce ta buɗe mini ƙofa. Fara fat kamar rana ba ta taɓa ganinta ba, baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, abin da ta shafa a leɓe ma baƙi ne. Ta karɓi jakata da fara'a. A falo kuwa littattafai ne jibge. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, bayan na yaye auta na yi shi, a hankali nake haɗa baƙi. Amma waɗannan ba sai an karanta ba. Kowane bango, namiji ne mai fiƙa biyu ya kafa baki a wuyan mace.

"Rabi, waɗannan fa?"

"Vampire ne, Inna, masu shan jinin mutane. Tatsuniya ce kawai, Léa na son su."

Na ce, "To." (Wanda ya san ni ya san "to" ɗina iri-iri ne.)

A Damagaram inda na tashi ba mu ce wa wannan tatsuniya. Namu mayun ba sa cizon wuya, kurwa suke kamawa, mutum ya yi ta bushewa a tsaye. Abin da na ga manya na yi shi ne a kwantar da marar lafiya, wanda ake zargi ya tsallake shi, kurwa ta dawo. In ya ƙi tsallakewa, to an gane shi.

Na buɗe firij zan sa kayana, sai ga ɗanyar hanta cikin jini. Ina juyowa na ga Léa ta ja fatar idon Rabi ƙasa tana leƙawa, ta girgiza kai. Na ce a raina, jinin da ya rage take dubawa.

Ni ba mai hayaniya ba ce, kuma maita ba kalmar da ake jefa wa ɗiyar mutane ba ce. Sai na yi dabara. Da hantsi, Léa na ɗakinta tana shirin fita, na shimfiɗa bargo a gicciye daidai bakin ƙofarta, na ce, "Rabi, zo ki kwanta in matsa miki baya, nan ya fi ɗumi." Baiwar Allah ta zo ta kwanta.

Léa ta buɗe ƙofa da jaka a kafaɗa, ta gan mu, ta ce, "Oh, pardon," ta koma ta rufe. Jim kaɗan ta sake buɗewa, ta nemi ta raɓa ta wajen ƙafafu. Na miƙe ƙafafun Rabi har suka taɓa bango. Ta yi murmushi ta ce ba komai, za ta jira.

Ta ƙi tsallakewa ke nan. Na tattaro ɗan Faransancina, na roƙe ta ta wuce: "Passe, ma fille. S'il te plaît, passe."

Rabi ta ɗago kai. Ta dubi bargo, ta dubi ƙofa, ta dube ni.

"Inna, tsallake ni kike so ta yi? Kin ɗauka Léa mayya ce?"

"Ni ban ce ba."

"Kin shimfiɗa ni a ƙofarta kamar tabarma."

"Don Allah kar ki faɗa mata."

Ta faɗa mata, ba ta rage komai ba. Sannan ta juyo kaina. Ashe Léa ce ta ja ta zuwa likita, aka auna ta aka ce ƙarancin jini ne, don tun da jarrabawa ta matso shayi da burodi kawai take ci. Ta ɓoye mini ne don kar hankalina ya tashi. Duba fatar ido, likita ne ya koya wa Léa. Hantar kuwa, Léa ce ta nemi mahaucin halal ta sayo wa Rabi, ita da ko nama ba ta ci.

Mayyar tawa ganye take ci. Na ja gyale na rufe fuska, kunya kamar in nutse, amma can ƙasan kunyar wani sanyi nake ji: ciwon ɗiyata mai magani ne.

Léa ba ta yi fushi ba. Zama ta yi a ƙasa kusa da ni, ido na ƙyalli, tana tambayar yadda namu mayun suke, wai sun fi na littattafanta ban tsoro. Daga baya ta yi wata magana a hankali, Rabi ta fassara: "Ta ce in zai kwantar miki da hankali, za ta tsallake."

Na ce a'a, wallahi ba sai ta yi ba. Ta cire takalmanta ta tsallake Rabi. (Allah Ya yafe mini, sai a lokacin na sauke ajiyar zuciya.)

Ni na soya hantar da yajin da na zo da shi, Léa kuma na yi mata dambun zogale. Rabi ta sha magani, kumatunta suka dawo. Léa yanzu Inna take ce mini, in ta zo Paris gidanmu take sauka.

Tun daga ranar, in na ga ɗanyar hanta a firij ɗin wani, nakan fara tambayar wa aka saya wa. Alhaji kuwa ko mura ta kama shi sai ya ja bargo ya ce, "Hajiya, ki bar ni a gadona, kar in farka a ƙofar maƙwabta."