Gashin Kaza a Ƙofar Ɗakina

Ba zan taɓa mantawa da makon da na tara rabin mutanen unguwarmu ta Aboabo a tsakar gidanmu ba. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina da cikin fari wata biyar, ina riƙe wa wata malamar lissafi aji a makarantar midil da ke Ashanti New Town. Surukata, Mma, ba ta son aikin. Kullum cewa take mai ciki ba ta tsayuwa gaban idanu arba'in.

Makon nan alamar "ya fi" da "bai kai ba" nake koyarwa: layi biyu da suka haɗu a tsini, buɗaɗɗen bakin yana duban babban adadi, tsinin yana nuna ƙarami. Ran Litinin na ba da aikin gida guda uku, na ce wanda ba shi da littafi ya gwada da duk abin da ya samu.

Ran Talata na fito shara bayan asuba, sai na ga gashin kaza biyu a ƙasa, an haɗa kawunansu, tsinin yana nuna ƙofata. Daga waje ƙwarar kwakwa bakwai. A bakin ƙofa, uku. Iska tana kaɗawa, amma gashin bai motsa ba (an danne shi da laka). Na yi a'uziyya na share.

Laraba ga shi kuma, na bakin ƙofa sun koma biyu. Alhamis, ɗaya.

Ni da na yi sakandare, hannuna a kan cikina, na kasa ko tsallakewa. Mma ta leƙa ta ce, "Ƙirga miki kwana ake yi. Daga yau kin bar makarantar nan." Na ce to, ina hawaye.

Aka kira Malam, kawun mijina. Maƙwabta suka cika gida, ana ta jan tasbaha. Malam ya tsuguna yana tofa addu'a, ya ce kada kowa ya taɓa.

Can sai ga Adiza da Hawa, ɗalibaina, cikin kayan makaranta, suna raɓe a bango. Adiza ta ce a hankali, "Tica, na yau ma ba daidai ba? Kullum ki share, ba ki cewa komai."

Ashe yadda suke ajiye allo a ƙofar malaminsu da sassafe don ya duba, haka suka ajiye mini aikin gidan da na ba su. Kunyar sallama a gidan mijina suke ji.

Malam ya koma gefen da suke ya ƙura ido. "Me ake nufi da shi?"

"Ɗaya bai kai bakwai ba," in ji Hawa.

"To ai gaskiya ne." Ya miƙe yana kaɗe riga. "Ɗiyata, ke kika koya musu?"

Na ce ni ce (da ƙasa za ta tsage, da na shige). Mma ta ce, "Bokon naku ne ya kasa gane kansa. Je ki, kin makara."

Na gama zangon lafiya, na haifi Rabi. Tun daga nan, in na ga abin tsoro ina yin addu'a, amma sai na fara zagayawa na dube shi ta gefe. Kuma ban sake cewa yaro ya gwada da duk abin da ya samu ba.