Rasuwar Tankin Faiba na Gidan Safiyanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar abin da zai biyo baya, ni Safiyanu na unguwar Birni, Zinder, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar tankinmu na ruwa, wanda ya cika jiya da hantsi bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ɗan asalin faiba ne, zaren gilashi da aka haɗa da danƙo. Bai taɓa tsatsa ba, bai taɓa sa wa ruwa warin ƙarfe ba. Duk ranar da pompo, wato famfo, ya tuna da unguwarmu, sai ka ji shi yana "ƙul-ƙul-ƙul" har ya cika. In pompo ya ɗauke, shi ke rufa mana asiri.

Da shi na yi tinƙaho lokacin da matata Nafisa ta haihu. Surukata, Hajiya Lubabatu, ta zo daga Zermu za ta tafi da ita wankan gida. Na aika aka roƙe ta, aka nuna mata marigayin, aka ce ruwan jego ba zai yanke ba. Ta yarda ta zauna, amma ta ce ranar da aka rasa ruwan wanka, ranar za ta ɗauki 'yarta da jikanta.

Ciwon ajalinsa ƙuna ce. Saboda iska, an girka tukunyar ruwan jego a gindinsa, safe da yamma ana hura wuta. Wadda ta zaɓi wurin ba zan ambata ba, domin ban isa in ɗaga ido in dube ta ba. Gefensa ya yi baƙi, ya kumbura, zare ya fito fari kamar furfura. Hamisu mai gyaran jikin mota ya zo ya liƙa masa ƙyallen faiba, ya tafi yana susar hannu, ya ce nama ya riga ya mutu. Kalmar marigayin ta ƙarshe "ɗas" ce, sai tsakar gida ta zama tafki.

Ya rasu ya bar randa ɗaya, buta biyu, da bokiti mai yoyo. Danginsa, hulunan kwanon 'yan kabu-kabu da kujerun tasha, sun sami labari. Pompo bai zo gaisuwa ba. 'Yan ga-ruwa kuwa duk suna layi a wata unguwa. Wallahi tsoro nake ji, don tun asuba nake jin ana jan akwati a ɗakin mai jego.

Za a raba gawar biyu yau bayan Azahar, a kai Droum ta zama kwamin shayar da awaki. Ana karɓar ta'aziyya a ƙofar gidana. Don Allah kada a kawo goro ko dabino, kowa ya zo da bido, wato jarka, cike da ruwa. Wanda ya makara har La'asar, ya same ni a tashar motar Zermu, ina riƙe da jakar jariri.