Kifin Yagana

Shekara ashirin ina ɗinki a unguwar Hausari. Don haka da ƙawata Rifkatu, mai kula da ƙungiyar 'yan matan unguwarsu, ta roƙe ni in yi alƙalancin gasar bajon da yaran suka ɗinka da hannu, nan take na amsa. Har tabarau na saka, alhali idona lafiya lau.

Ina cikin dubawa sai ga wani bajo mai hoton kifi, ɓawonsa a jere kamar an auna. Na ɗaga shi sama, na yi gyaran murya.

"Wannan aikin inji ne, a kasuwar Gamboru aka sayo shi. Ni ba a yi min wayo."

Mai bajon, wata siririyar yarinya mai suna Yagana, ba ta yi musu ba. Idonta ya ciko, amma cewa kawai ta yi, "Anti, ara min allura."

Ta zauna a tabarma da ƙyalle, muka kewaye ta. Ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Ko layi ba ta zana ba, zare na shiga yana fita, sai ga kifi yana bayyana, har ya fi na farko kyau. Na cire tabarau a hankali, na ba ta haƙuri a gaban kowa.

Ita ta ci gasar. Ni kuwa har yau in na wuce a keke, sai yaran su ɗago min tafukan hannayensu: "Anti, duba mana, waɗannan ma a Gamboru aka sayo su?"