Sauron Saude Ya Tafi Birni a Kujerar Gaba

Jama'a, jiya na yi wa ƙasa hidima da ƙwaurina, yau kuwa susa ta hana ni sakat.

Abin ya faro ne daga rugar maƙwabcina Ubale, can bayan Burumburum. Tumakinsa suka yi ta ɓari, matarsa Saude ta kwanta da zazzaɓi, idanunta suka koma ruwan ɗorawa. Aka kai labari Tudun Wada. Da la'asar sai ga farar mota ta sauke mana wani Yallaɓai mai tumbi, wanda zan kira Sarkin Yaƙin Sauro, Allah ya ja zamaninsa.

Ubale har ya naɗe wa Saude tabarma, a zatonsa ita aka zo ɗauka. Ashe ba wajenta aka zo ba.

"Sauro muke nema, da ransa," in ji Yallaɓai. "A birni za a duba cutar da ke cikinsa." Ya waiwayo gare ni. "Malam, naɗe wando."

Tsofai-tsofai da ni aka zaunar a bakin kududdufi. Sauro ya sauka a ƙwaurina, wani ma'aikacin Yallaɓai ya zuƙe shi da bututu, ya hura a kwalba. Wani ya gantsara mini cizo, na ɗaga hannu, Yallaɓai ya daka tsawa: "Kul! Kayan gwamnati ne!" Na ba sauron haƙuri.

Na ɗakin Saude kuwa, waɗanda suka sha suka yi tim, su ne manyan baƙi. Aka sa musu auduga da ruwan sukari, aka jera su a akwatin ƙanƙara, aka ɗora a kujerar gaba. Ko jaririn fari ban ga an ririta haka ba.

Ubale ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ga wuri a baya. A rage mata hanya zuwa asibiti mana. Ko ruwa ba ya zama a cikinta."

"Motar bincike ce, ba ta marasa lafiya ba. In sakamako ya fito za ku ji."

Wallahi raina ya ɓaci, amma wa ya isa ya ja da mai ilmi? Muka ɗaura wa bijimai amalanke, muka kwantar da Saude, muka bi sawun taya.

A hanya na ga Ubale yana share ido da hannun riga. Na ce, "Kwantar da hankalinka, maƙwabci. Jininta ai ya riga mu isa wajen likita. Ita ce kawai ba a samo wa wuri ba."