Waken Kawu a Ƙofar Bariki

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tara wa sojoji wake buhu ashirin da biyu, waken da babu sojan da ya ce a kawo masa. Shekaru sun ja, furfura ta cika mini kai, amma har yau in aka ajiye mini alale a gaba sai kunya ta rufe ni.

A shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da sabulu da madara sai an bi layi, takin zamani kuma sai wanda ya san wani. Ina aiki a ofishin kuɗi na wani barikin soja a birni. Kada ka ji "ofishin kuɗi" ka ɗauka wani abu ne. Farar hula ne ni, mai buga tafireta, teburina yana bayan ƙofa, duk wanda ya shigo da sauri sai ya buge mini gwiwar hannu. Amma a ƙauyenmu, can kan hanyar Ɗambatta, labarin ya sha bamban. Can kowa ya san ni ke riƙe da kuɗin soja. (Ban taɓa faɗa da bakina ba, Allah ya sani. Ban kuma taɓa musantawa ba, wannan ma Allah ya sani.)

Wata rana a ƙarshen shekara aka aike ni in kai wa Kyaftin, shugaban ofishinmu, babban littafin nan da ake rubuta abin da gwamnati ta ware wa bariki a kasafin shekara. Kowane fanni da shafinsa: abinci, man mota, kayan sarki, gyaran motoci. A hanya karambani ya sa na buɗe. Shafin abinci ya kusa ƙarewa, amma na gyaran motoci kusan ba a taɓa shi ba, don kayan gyaran ma babu su a ƙasar. Ga shi kullum ina jin masu dafa abincin sojoji suna ƙorafin wake ba ya isa.

To ni ɗan manomi ne. A kaina, abin da ya rage a rumbu na mai rumbu ne: ya ga dama ya ci, ya ga dama ya sayar ya yi wa ɗaki jinka, in bai taɓa ba kuma baɗi yana nan yana jiransa. Nan take na haɗa lissafi. Ga kuɗi a zaune, ga yunwar wake, ga ni a tsakiya. Har mamaki na yi yadda manyan hafsoshi da taurari a kafaɗa suka kasa ganin abin da ni na gani a cikin minti ɗaya.

A ƙarshen makon na je gida na tarar da Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni ya sa ni a makaranta, yana ɗinke bakin buhunan wake. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya mutu da kaka, sa ɗaya kuma ba ya jan garma shi kaɗai. Waken nan shi ne duk abin da Kawu yake da shi na sayen wani. Wani dillali daga kasuwar Dawanau ya riga ya zo har gida ya yi tayi mai kyau, jibi zai dawo da mota.

Na ce, "Kawu, kada ka sayar masa."

Ya ɗago ya dube ni. "To in yi yaya da shi, ɗan nan? Wake ba ya jiran mutum, ƙwari za su riga ni."

"Akwai ragowar kuɗi a wajenmu, sojoji kuma na neman wake. Gwamnati ba ta ciniki irin na 'yan kasuwa, in za ta saya, saye take na mutunci. Bayan hutun sabuwar shekara ka kawo shi bariki."

"Ka dai yi magana da manyan naku?"

"Haba Kawu, ai ni ne a wurin."

Wannan maganar ita ta ci ni. Kawu ya aika wa dillali a ba shi haƙuri. Maƙwabtansa biyu suka ji, su ma suka riƙe nasu, suka haɗa kuɗi aka yi shatar mota.

Gaskiya na yi niyyar gaya wa Kyaftin. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarsa, sau uku ina ƙarewa da tambayar ko akwai abin bugawa. Daga baya na lallashi kaina cewa gara ya ga kayan da idonsa, daɗin abin zai fi. (Har na shirya abin da zan ce in ya yaba mini a gaban mutane. "Ba komai yallaɓai, aikinmu ne.")

Kwana biyu da shiga sabuwar shekara, ina zaune bayan ƙofata, wani kurtu ya leƙo yana danne dariya. "Mai tafireta, ka yi baƙi a bakin get. Wai mai kuɗin soja suke nema, kuma sunanka suka faɗa."

Na fita na tarar da tsohuwar mota maƙare da buhuna ta tare ƙofar bariki. Kawu yana tsaye cikin rigarsa ta Juma'a, maƙwabtan nan biyu a bayansa. Kafin mu gama gaisawa sai ga motar Kyaftin, babu hanyar wucewa. Ya fito.

Kyaftin mutum ne da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ya sa kowa ke tsoronsa. Ya gaida Kawu da ladabi, ya tambayi gajiya da mutanen gida, sannan ya ce, "Baba, wannan kaya fa?"

"Naku ne, ranka ya daɗe. Yaron nan ya ce akwai ragowar kuɗi, kuna neman wake."

Kyaftin ya juyo ya tambaye ni wace ragowa. Na ce ta gyaran motoci. Sai ya ce in je allon sanarwa na ofis in ciro takardar umarnin da ke manne a sama, in kawo. Na kawo.

"Baba ba ya jin Turanci," in ji shi. "Karanta, ka fassara masa. A hankali."

Na fara, kurata biyar suna saurare. Sakin layi na farko ya ce duk kuɗin da aka ware wa wani fanni a kasafi, a wannan fannin kaɗai za a kashe shi, ba a ɗauke shi a kai wani sai da izini a rubuce daga sama.

Kawu ya ce, "Tsaya. Wato kuɗin gyaran mota, ko motar ba ta gyaru ba, ba a sayen wake da shi? Ko da masu motar suna jin yunwa?"

Kyaftin ya ce, "Ko ni na taɓa shi, Baba, gaban kotun soja zan tsaya. Kuɗin ba namu ba ne, an ba mu ne da sunan abu kaza. In aka bar kowa ya juya shi yadda ya ga dama, ran da za a nemi mota babu mota, waken ma ba za a gan shi ba. Ci gaba."

Sakin layi na biyu ya ce duk abin da ba a kashe ba zuwa ranar ƙarshe ta shekara, ya koma baitulmali. Wato kuɗin da na gani shekaranjiya ma suka bar hannunmu. Na uku ya ce babu wanda zai yi alkawarin sayen komai da sunan bariki sai jami'in da aka ba wannan iko, da takardar oda a hannu. Wanda ya yi gaban kansa, shi da aljihunsa.

Na ɗauka an gama. Ina ƙoƙarin naɗe takardar Kyaftin ya ce, "Saura. Can ƙasa, gefen hagu, waɗannan ƙananan haruffan na mene ne?"

"Na wanda ya buga takardar ne, yallaɓai."

"Na wa ne?"

"Nawa ne, yallaɓai."

"Kwafi nawa ka buga?"

"Talatin."

Ya juya wajen Kawu, fuskarsa ba yabo ba fallasa. "Baba, ɗanka ya fi kowa saurin bugu a ofishin nan. Karantawa ce bai samu lokacinta ba."

Kuratan suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Kawu ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, shi da bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, sannan ya miƙo mini. "Ashe kai ma ka rubuta dokar. To ai ba ka yi ƙarya ba, kai ne a wurin."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kyaftin ya ba ni hutun yini, ya ce in raka iyayena su sayar da kayansu. Gaban mota ya cika, don haka a saman buhuna na zauna, da farar riga da laktaye, muka ratsa gari har Dawanau. Sabon wake ya cika kasuwa, farashi ya faɗi. Dillalin da muka tarar kuwa shi ne dai wanda aka ba haƙuri. Ya gaishe mu da fara'a, ya tambayi lafiyar sojoji, ya yi tayin da bai kai na farko ba ko kusa. Aka sallama, don babu yadda za a koma da kaya gida. Maƙwabtan nan biyu har muka rabu ba su dubi inda nake ba.

Na ji kunya, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin Kawu a gindin bango yana juya abin da ya samu, yana kallon ƙasa. Da aka cire kuɗin mota, bai kai kuɗin san huɗa ba.

Da ruwa ya sauka na ɗauki hutuna na shekara na tafi ƙauye. San da ya rage yana ɗaure a turke yana tuƙa, ni da Kawu muka shiga gona da garmar hannu. Shi da ya haura sittin yana gaba, ni ina baya ina haki. Mako uku muka yi muna huɗa abin da shanu ke gamawa a kwana huɗu. In na tsaya miƙe baya sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Sannu malam akawu, huta abinka."

Na koma ofis tafin hannuna duk ya yi bororo, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Wata guda da yatsa biyu nake bugu, harafi ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza na tsintar hatsi. A wannan watan ne, bayan shekara shida ina aiki a ofishin kuɗi, na fara sanin abin da ke cikin takardun da nake bugawa. Ashe duk abin da nake buƙatar sani ya bi ta ƙarƙashin yatsuna tun tuni.

Tun daga nan ba na sa hannu ko baki a kan abin da ban karanta ba, ko da takardar gayyatar suna ce. Darasin ya zauna daram. Abin da kawai har yau nake jin nauyinsa shi ne, ni na yi karatun, amma Kawu ne ya sake biya mini kuɗin makaranta.