Yadda Za Ka Kayar da Mai Hana Biza a Kotu

An hana ka biza? Share hawayenka. Bi sawun maƙwabcina Preng, tsohon makiyayi na tsaunin Shkodra, nasara taka ce tabbas. 'Yarsa Drita ta haihu a hayin teku, ta rantse ba mai yi wa yaron askin fari sai kakansa.

1. Samo hani mai kyau

Za su tambaye ka shaidar cewa za ka dawo gida. Kada ka kai takarda, takarda ta maƙaryata ce. Preng ya ce gonarsa kakansa ne ya kafa mata duwatsun iyaka a gaban dattawa goma sha biyu.

"Ina dattawan?" in ji jami'in biza.

"Sun rasu, ɗana. Amma maganarsu ba ta rasu ba."

Bayan kwana tara aka hana shi bizar.

2. Nemo lauya

Mai ƙaton tumbi, alamar yana cin shari'a. Tafi masa da cuku da kwalbar giyar raki.

"Kawu, alƙali fa ba ya ba da biza," in ji lauyan. "Dubawa kawai zai yi ko an hana ka bisa ƙa'ida."

"Wato akwai hani na ladabi?" in ji Preng.

"Yauwa, ka gane doka."

3. Jira

Mai haƙuri yakan dafa dutse, shan romon ne dai ba tabbas. Preng ya wasa almakashi sau uku. Drita ta bugo waya: "Baba, gashin ya rufe masa ido, a titi ana ce masa yarinya."

"Ɗaure masa, 'yata. Ina tafe."

4. Yi nasara

Bayan wata goma sha huɗu alƙali ya soke hanin, ya ce jami'in bai bayyana dalilinsa sosai ba, a sake dubawa. Preng ya yanka rago, duk ƙauye muka ci. Jami'in ya sake dubawa, ya sake hanawa, wannan karon shafi shida. Wallahi hanin ya yi kyau, lauyan ma sai da ya yaba.

A kula

Ba ruwana da abin da zai biyo baya, ni dai na kai ka ga nasara. Preng ma bai zarge ni ba. Makon jiya ɗan wasiƙa ya kawo masa ambulan, ciki da ɗan curin gashi mai laushi. Wani wanzami ne can ya yi askin, ko sunan yaron bai tambaya ba.