Motar da na ƙwato a ƙofar asibiti

Ni da ba a taɓa cutata ko dala ɗaya a kasuwar tattasai ba, ku ji abin da ya same ni. Surukina ya ɗauko ni daga Shetimari zuwa asibiti a Diffa, awon jini. Na riga shi fitowa, sai na tarar mai gadin filin motoci ya maƙala takarda a gilashin farar mota mai buhunan tattasai, wai dala ɗari kuɗin ajiya.

Na gyara mayafi. "Ɗan nan, filin gadonka ne? Marar lafiya ma sai ya sayi ƙasa?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, aikina ne."

Na zayyana masa tarihin wurin tun ana ɗaure jakuna a ciki. Mutane suka taru. Da ya gaji, ya yage takardar.

Sai wani mutum da ban taɓa gani ba ya ce, "Na gode, Iya," ya tada motar ya tafi. Tamu tana can gefe da nata buhunan, surukina ya biya tun isowarmu.

Har yau in farar mota ta wuce, 'yata sai ta ce, "Inna, tashi, an kawo miki shari'a."